Igiyar guga da ruwan Kano

A watan Afrilun da ya wuce, ana tsakiyar zafin bazara, wata Hajiya ta kira ni gidanta da ke wata sabuwar unguwa can gaba da Rijiyar Zaki, wai sumonta, injin da yake zuƙo ruwa daga cikin burtsatse, yana ta gunji amma ba ya kawo komai sai iska. Na je da yarana biyu na aiki, muka kwance murfin burtsatsen, muka shiga jawo fayif ɗaya bayan ɗaya muna jerawa a tsakar gida. Da injin ya fito na taɓa shi na ji ya yi zafi, amma lafiyarsa ƙalau. Ruwan ne ya sauka ya bar shi a rataye. Wannan ne karo na biyu cikin shekara huɗu da na ƙara wa gidan fayif, kuma a wannan karon na gaya mata gaskiya: mun kusa taɓo gindin ramin, in ruwan ya sake sauka ba ni da abin da zan ƙara.

Tana tsaye a ƙofar kicin, jikanta a goye, ta ce, "To Malam, shi ruwan ina yake tafiya?"

Na ce, "Hajiya, in kin hau bene ki duba gidajen da ke kewaye da ke, ki ƙirga tankunan da ke sama."

Ta ce ba sai ta hau ba, ta san sun kai tara a layinsu kaɗai, kuma lokacin da suka tare su biyu ne. Na ce to ai kin ba kanki amsa, ku taran nan randa ɗaya kuke sha, kuma babu wanda yake zuba mata.

Ni mai gyaran famfo ne. A 1989 mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin maigidan da ya koya mini wannan sana'a, Allah ya jiƙansa da rahama. A wancan lokacin yawancin aikinmu jona gida da babban bututun gwamnati ne: a haƙa, a nemo bututun, a yanka zare a jikin fayif na ƙarfe, a ɗaura, a sa kan famfo a tsakar gida kusa da rariya. Ruwan ba kullum yake zuwa ba, ba zan yi muku ƙarya ba, amma yana zuwa. Akwai wani huci da famfo yake yi da tsakar dare kafin ruwa ya iso, iska ce take fita gabansa, kuma duk wanda ya tashi a cikin birni a shekarun nan ya san wannan sautin. Uwa tana jin sa za ta tashi 'ya'yanta a jera bokitai da randuna. Yau in na duba littafin da nake rubuta ayyukana, zan yi wata uku ban jona gida ɗaya da babban bututu ba. Aikin ya koma sumo da tanki da sola. Da shi nake ciyar da iyalina, kuma ina gode wa Allah, amma ina ganin abin da masu gidajen ba sa gani, domin ni nake riƙe da igiyar da ake zura injin.

Ranar da na fara fahimtar cewa ruwan birni shiri ne, ba sa'a ba, ita ce ranar da maigidana ya hau da ni Goron Dutse. Muna haki muka isa sama, ya nuna mini ma'ajiyar ruwan da ke can, sannan ya juya da ni kudu maso yamma ya miƙa hannu wajen Panshekara. Ya ce, "Yaro, daga can ake ɗebo shi, a Kogin Challawa. A tace shi, inji ya turo shi nan, daga nan kuma ba ya bukatar kowa, da ƙafarsa yake gangarawa gidajen mutane." Tun farkon shekarun 1930 aka yi wannan aiki, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, da kuɗin En'e. Mutanen da suka yi shi sun zauna sun duba inda kogi yake da inda tudu yake, suka haɗa su da bututu. Birnin a lokacin bai wuce cikin ganuwa da Fagge da Sabon Gari da Nassarawa ba, aka auna shi aka yi masa riga daidai jikinsa.

Shiri na biyu babba shi ne na zamanin Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975. Kogunanmu na damina ne. Kogin Kano da na Challawa in aka bar su yadda Allah ya halicce su, suna cika su yi toroƙo a watan Agusta, rani na yi su koma yashi. Birnin da yake sha daga irin wannan kogi dole ya nemi inda zai ajiye na damina ya ci da rani. Dam ɗin Tiga da aka gama a 1974, a daidai shekarun da fari ya gasa Arewa, shi ne babban rumbun. Ga Bagauda, ga Watari a Ɓagwai, ga Tomas da Gari, daga baya aka gama na Challawa da ke Ƙaraye a 1992. Daga Tiga ake sako ruwan da manoman Kadawa da Kura da Bunkure suke noman shinkafa da tumatir da alkama, daga shi kuma ake sako wanda yake isowa Tamburawa, kusa da inda kogunan biyu suke haɗuwa kafin su wuce Wudil. Sabuwar matatar Tamburawa an gina ta ne don ta tace lita miliyan 150 a rana, ta Watari kuma miliyan 75, ban da tsofaffin na Challawa.

Shi ya sa in na ji wani yana cewa Kano ba ta da ruwa sai in ce a'a. Rijiya ta bayar, guga ne ya hana. Gugan kuwa yana da ɓula da yawa. Matatar ruwa ba ta aiki sai da wuta, domin kowace lita sai inji ya ɗaga ta daga kogi, ya sake tura ta cikin gari, kuma kowa ya san halin da wutarmu take ciki da abin da man dizal yake ci. Sai alif da ake zubawa laka ta kwanta, sai kulorin da yake kashe cuta, duk da kuɗi ake saye kowane wata. Sannan bututun kansa: manyan layukan sun tsaya ne inda gari ya tsaya shekaru da dama da suka wuce, gari kuwa ya wuce su ya ci gonaki har ya haɗe ƙauyuka. Na sha zuwa unguwar da take da gidaje dubbai, da masallatan Juma'a da makarantu, amma ba a taɓa binne mata fayif ko ɗaya ba. A inda ake da shi kuma, aikin titi ya zo ya datse, a shimfiɗa kwalta a kai, shi ke nan an binne zancen. Mu ma jama'a da namu laifin. Akwai wanda zai ce in jona masa ƙaramin inji a kan layin gwamnati don ya zuƙe ruwan kafin ya kai maƙwabcinsa, kuma wannan aikin ba na yi. Akwai wanda ruwa yake zuwa masa amma kawo masa takardar biya kamar an zage shi.

Akwai wani abu game da bututun da babu ruwa a ciki wanda ya kamata kowa ya sani. Bututun da yake cike, ko yana da tsaga, waje yake fesarwa, ba abin da zai shiga. Amma in aka ɗauke ruwa ya zama fanko, tsagar nan baki take zama, tana zuƙo duk abin da ke kewaye da ita. Wata damina aka kira ni wani gidan haya a cikin lungu, yara uku sun kwanta da amai da gudawa, mai gidan yana zargin tankinsa. Na duba tankin ban ga komai ba. Na bi layin zuwa waje, sai ga tiyon roba mai kaurin yatsa ya ratsa ta cikin lambatu, an ɗaure wani wuri da tsohon tub na keke. Na ɗaga shi daga cikin baƙin ruwan, na kwance ɗaurin, na matsa, wani abu ya fito wanda ba zan siffanta shi a nan ba. Mai gidan ya dafe kai yana salati. Tiyo irin wannan suna nan bila adadin a lungunan garin nan, jere kamar taliya a cikin kwata. Ruwan da ya baro matata da tsabtarsa a taku goman ƙarshe yake lalacewa.

Amma abin da ya fi ci mini rai ba na bututu ba ne. Na kududdufi ne.

A bayan gidan da aka haife ni, a cikin ganuwa, akwai wani kududdufi babba. Kakanninmu ne suka haƙa shi ba da niyya ba: nan suka riƙa ɗibar ƙasar da suka yi tubalin gidajensu, kamar yadda aka ɗebi ta ganuwa daga ramukan da ke gefenta. Duk ruwan da ya sauka a unguwar, daga indararo zuwa rariya zuwa lungu, can yake tafiya. Yakan cika a watan Agusta, agwagi su yi ta iyo, kwaɗi su hana mu barci, sannan ya riƙa ja da baya a hankali har bazara. Muna yara mun ɗauka rana ce take shanye shi duka. Ashe rabonsa mai yawa ƙasa yake shiga.

A tsakar gidanmu kuma akwai rijiya. Mahaifiyata tana ƙulla igiyar guganta a kowace gaba, don in ta ba yaro ya san inda zai tsaya. Da kaka, gaba uku guga yake taɓa ruwa. Da bazara ya kai biyar, wani lokaci shida, amma ban taɓa ganin ta ƙafe ba, kuma gidaje huɗu ne suke ɗiba a cikinta. Ina da kamar shekara ashirin da biyar aka fara zuba shara a bakin kududdufin da gangan. Daga shara sai ɓaraguzan gini, tifa bayan tifa, da dare. Wata rana muka wayi gari an kafa turaku an ja igiya, an yanka filaye. Dattawan unguwa sun je sun yi magana inda ya kamata, aka ba su haƙuri suka dawo. Cikin shekara uku wurin ya zama shaguna da gidaje.

Abu biyu suka biyo baya, kuma duka a gidanmu na gan su. Na farko, daminar da ta zo bayan an gama ginin, aka yi ruwan dare ɗaya mai ƙarfi, ya bi tsohuwar hanyarsa ya tarar an toshe, ya juyo mana. Na farka na ji tabarmata tana motsi. Muka kwana muna kwarfa da kwanuka, katangar ɗakin kakata ta jiƙe ta zauna, Allah ya sa mun riga mun fito da ita. Na biyu ya zo a hankali. Igiyar Inna ta ƙaru da gaba ɗaya, ta ƙaru da biyu, aka kira masu yasa suka ƙara zurfi har suka tarar da dutse. Wata bazara guga ya dawo da laka kawai. Inna ta naɗe igiyar ta rataye a ƙusa, ta ce da ni, "Kai da kake aikin ruwa, sai ka nemo mana mai kura." Ruwan da ya rusa mana ɗaki a Agusta shi ne wanda muka rasa a Afrilu. Na daɗe kafin in gane cewa ruwa ɗaya ne.

Ga yadda ƙarƙashin Kano yake, kamar yadda duk mai haƙar burtsatse zai gaya maka. Bayan ƙasar sama da jar marmara, akwai ruɓaɓɓen dutse mai riƙe ruwa kamar soso, a ƙarƙashinsa kuma dutse ne tsagwaronsa, wanda ba ya ajiye komai sai a inda ya tsage. Babu wani teku a ƙasanmu. Shi ya sa za ka ga an haƙa a wannan gida an samu, an matsa taku arba'in an ci kuɗin mutum a banza. Soson nan kuwa abu ɗaya ne yake cika shi, ruwan saman da yake sauka daga Yuni zuwa Satumba, in ya sami ƙasar da zai tsaya a kai ya nutse. To mun cike kududdufai, mun shafe tsakar gida da siminti, mun shimfiɗa intalok daga ƙofar gida har bakin titi, mun gina lambatu na kankare da yake kwashe ruwan da gudu ya fitar da shi daga gari. Sannan kowa ya kira ni in zura masa sumo. Ko yaro aka yi wa wannan lissafin zai faɗi inda za a ƙare.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini. Kududdufi matattarar sauro ne, yara suna nutsewa a ciki, masu wanka a cikinsa suna kamuwa da tsargiya, kuma da yawansu sun zama masai da juji. Duk gaskiya ne. Ni kaina na rasa abokin wasa a cikin wanda nake ba ku labari, muna aji uku na firamare, kuma har yau ina tuna kukan mahaifiyarsa. Amma maganin wannan a kewaye shi ne, a hana zuba ƙazanta, a yashe shi, a dasa itatuwa a gefensa, a sa kifin da zai cinye 'ya'yan sauro. Wanda ya cike kududdufi ya sayar da fili ya karɓi kuɗinsa sau ɗaya, unguwa kuma ta shiga biya duk damina da duk bazara har abin da Allah ya yi. Waɗanda suka rage, kuma sun rage kaɗan, ya kamata a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, a sa su a taswirar gari da sunayensu, a ɗauke su kamar yadda ake ɗaukar maƙabarta: wurin da ba a yanka wa kowa, ko wane ne shi.

Kare ruwan birni kuma ba a cikin birni kaɗai ake yin sa ba. Dajin Falgore da Kogin Kano yake ratsawa kafin ya shiga Tiga, ai shi ne matankaɗin farko. Saiwar itatuwansa ce take riƙe ƙasa. Duk buhun gawayin da ya fito daga irin wannan daji, laka ce za ta gangara ta kwanta a gindin dam, ta rage masa ciki ba tare da kowa ya gani ba. Masu tifar yashi da suke kwasa a cikin kogi kusa da inda matatu suke zuƙar ruwa, suna sauya wa kogin hanya, ruwan ya koma can gefe ya bar bakin bututun a tudu. Sai kuma masana'antu. Kano garin fata ne tun kaka da kakanni, ba mai son a rufe majema, amma jimar zamani da sinadarin kuromiyom ake yin ta, kuma ruwan da yake fitowa daga rukunin masana'antu na Sharaɗa da Challawa ƙarshensa Kogin Challawa ne, na Bompai kuma ya bi rafin Getsi ya haɗu da Jakara ya tafi dam ɗin Wasai. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Getsi da rani ya ga launin ruwan kuma ya ji warinsa. A gefen waɗannan rafuka akwai masu lambu da suke ban ruwa da shi, latas da kabeji da alayyafo, washegari su shigo kasuwa. Ba na ganin laifin mai lambu, abin da ya samu ne. Tace ruwan masana'anta kafin a sake shi aiki ne da aka san yadda ake yi, kuɗi ne kawai da wanda zai tsaya a kai.

Akwai kuma mutanen da suke ƙasa da mu, waɗanda ba mu cika tunawa da su ba. Ruwan da ya wuce Wudil shi ne Kogin Haɗeja, shi yake ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru, ya bi ta Gashuwa ya nufi Tafkin Chadi. Wani direba ɗan Nguru da na yi wa aiki ya ba ni labarin kacalla, ciyawar nan mai tsayi da ta toshe musu hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama gidan tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Tun da aka datse kogunan, ambaliyar shekara-shekara da take wanke fadama ta ragu, aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, yanayin da kacalla take so ke nan. Ya ce da ni, "Malam, ku kuna buɗe famfo a Kano, mu muke ji a jikinmu." Hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976 don irin wannan rabon aka yi ta: nawa za a ba birni, nawa za a ba manomin Kadawa, nawa za a bari ya wuce. Duk shirin ruwan Kano da bai sa mutumin Nguru a lissafi ba, zalunci ne ko da ba a yi niyya ba.

Dam kuma gini ne, yana tsufa. Ina saurayi Bagauda ya fashe a daminar 1988, na ga mutanen da suka shigo gari da abin da suka iya ɗauka a ka. A Satumban 2024 duk mun ga abin da dam ɗin Alau ya yi wa Maiduguri cikin dare ɗaya, ruwa har cikin asibiti da kasuwa da gidan yari. Tiga ya haura shekara hamsin, kuma abin da yake riƙe da shi ya ninka na Alau sau da yawa. Kuɗin duba bangon dam da gyara ƙofofinsa ba a yin bikin buɗe shi, ba a kafa allo a kai, shi ya sa yake da sauƙin mantawa a kasafi. Ina roƙon duk wanda yake da bakin magana a wurin da ake raba kuɗin nan ya riƙa tambayarsa kowace shekara.

A 2018 na ji a rediyo yadda birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu ya kusa ƙafewa bayan fari na shekara uku, har hukuma ta ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana, duniya ta yi ta magana. Lita 50 jarka biyu ke nan. Na yi lissafin gidan da ke kallon nawa: su goma ne, kura ɗaya suke saye a rana mai jarka 12, lita 300, kowa ya tashi da 30, a ciki za a sha, a dafa, a yi wanka da wanki da alwala. Ba fari ake yi ba, haka rayuwarsu take kowace rana. Jarkar da na sani a naira biyar na ga ta kai ɗari da bazara, wani wuri ta wuce. Mai burtsatse a gida yana wanke mota da tiyo, wanda ba shi da halin haƙawa shi yake sayen ruwa mafi tsada a garin, kuma sau da yawa rijiyarsa ce burtsatsen maƙwabcin ya ƙafar. 'Yan ga-ruwa da suke tura kurar nan cikin rana, yawancinsu baƙi ne 'yan ci-rani, su ne bututun da gari bai binne ba. Abin da na ɗauka daga labarin Kef Tawun shi ne sun san yawan abin da ke cikin dam ɗinsu kowane mako, suna sanar da jama'a, kowa yana ganin lambar tana sauka. Mu kuwa ko yawan burtsatsen da ke unguwa ɗaya ba mai iya gaya maka.

Daga nan nake ganin ya kamata a fara, daga ƙirga. Duk mai injin haƙa ya rubuta inda ya haƙa, zurfin da ya kai, da inda ya tarar da ruwa, a tara a wuri ɗaya. Mu masu zura sumo a tambaye mu, muna da labarin kowane layi a kanmu. In an san haka za a san unguwar da ƙasanta ya gaji, a hana ƙarin haƙa a can, a kai mata bututu kafin kowa. A inda bututu ba zai kai ba nan kusa, burtsatse ɗaya mai kyau da sola da babban tanki, wanda layi zai haɗa kuɗi ya riƙe, ya fi guda tara da suke ƙwace wa juna. Zai kuma rage wata masifar da nake gani kullum: fili ƙafa hamsin-hamsin, an haƙa sokawe a wannan kusurwa, burtsatse a waccan, alhali tazarar da ake koyarwa a bari kamar mita 30 ce. Ko ka kiyaye a gidanka, sokawen maƙwabci yana jingine da katangarka.

Shekara uku da suka wuce na koma tsohon gidanmu, wanda yanzu ƙanena yake ciki, na buɗe rijiyar Inna da aka rufe da faranti na kankare. Na yashe ta na fitar da tarkacen da ya taru. A gefenta na haƙa rami mai zurfin ƙirji, na jera manyan duwatsu a ƙasa, tsakuwa a kai, yashi mai kaushi a sama, na fitar da fayif daga gindin ramin zuwa cikin rijiyar. Sannan na bi rufin kwanon gidan na sa masa mazurari, na haɗa indararo huɗu suka zama layi ɗaya da yake zuba a kan yashin. Na sa wata 'yar mahaɗa da ake juyawa da hannu, domin ruwan farko da yake wanke ƙura da kashin tsuntsaye daga rufi a bar shi ya tafi waje, sai sama ta wanke kwanon sannan a juya. Ruwan rufi kaɗai ne yake shiga, ban yarda na rariya ko na wanke-wanke ya kusanci wurin ba. Duk aikin bai kai kuɗin sumo ɗaya ba.

Ƙanena ya tsaya yana kallona ya ce, "Yaya, mutane suna ɗebo ruwa daga rijiya, kai kana zuba mata?"

Na ce masa ya ba ni damina biyu.

Shekarar farko rijiyar ta riƙe ruwa har Janairu sannan ta ƙafe. Na nuna wa maƙwabta biyu, ɗaya ya yarda na yi masa irinsa a tasa tsohuwar rijiyar, ɗayan ya ce sai ya gani. Bana, kwana biyu bayan na baro gidan Hajiyar nan mai sumo, na biya ta gidan da yamma. Igiyar Inna tana nan a ƙusarta, ta bushe ta yi tauri, ba ta ɗaukar nauyi, amma ƙulle-ƙullenta suna nan. Na auna sabuwar igiya a jikinta na ƙulla daidai inda ta ƙulla, na ɗaura guga na zura. A gaba ta takwas na ji ya taɓa. Na jawo rabin guga, mai sanyi, a ɗan gurɓace kaɗan, matar ƙanena ta karɓa ta juye a baho ta ce zai yi wanki. Na rubuta kwanan wata da lamba takwas a jikin bango da gawayi, kusa da ƙusar, na ce da ƙanena kada yara su goge, zan dawo in sake aunawa kafin saukar ruwan farko.